Yadda za ka koyi gaɓoɓin jiki da sunayen motsinsu da hannunka

Ɗalibin da ya shiga makarantar kiwon lafiya a Tawa ko a Yamai yakan haɗu da darasin gaɓoɓi tun cikin watanninsa na farko, kuma abin da yawancin ɗalibai suke yi shi ne su kwafe sunayen daga allo, su haddace su da dare, su zuba su a takardar jarrabawa, bayan wata biyu kuwa a nemi abin a kansu a rasa. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan ɗalibai idan sun zo koyon aiki a ɗakin gashi da motsa gaɓoɓi, wanda mutanen gari suka fi sani da ɗakin kine, kuma abin da na lura da shi shekara da shekaru shi ne, sunan da mutum bai ji motsinsa a jikinsa ba ba ya zama a kansa. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ba ta buƙatar komai sai tabarma, da bango, da abokin karatu guda wanda zai yarda ka riƙe masa hannu da ƙafa. Littafi yana nan da amfaninsa, amma ka buɗe shi bayan ka gama taɓawa.

Fara da tsayuwa, domin dukkan sunayen motsi an gina su ne a kan tsayuwa ɗaya tak wadda masana ƙirar jiki suka yi ittifaƙi a kanta. Mutum yana tsaye, fuskarsa tana duban gaba, ƙafafunsa a jere yatsunsu suna kallon gaba, hannuwansa a sake a gefen jiki, tafin hannun kuma yana fuskantar gaba yadda babban yatsa zai koma waje. A tafin hannun nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure, saboda idan mutum ya tsaya haka kawai tafinsa cinya yake kallo, sai ya juya shi da gangan. Wannan tsayuwa ita ce sifiri, daga ita ake fara ƙirga kowane motsi, kuma ko marar lafiya yana kwance rub da ciki a kan gado, ana siffanta shi ne kamar yana tsaye haka.

Dama da hagu kuwa na marar lafiya ne, duk inda kai ka tsaya. Ina jaddada wannan ne saboda ya taɓa faruwa da ni ina ɗalibi. Wata mata ta zo daga ƙauye da gwiwarta ta dama a kumbure, ina tsaye gabanta na rubuta hagu a takardar hoton ƙashi saboda gwiwar tana ta hannuna na hagu, aka ɗauki hoton lafiyayyar ƙafa, sai da mijinta ya sake biyan kuɗin da da ƙyar ya haɗa. Tun daga ranar ba na rubuta gefe sai na ɗora hannuna a kan gaɓar na ce wa mai ita ya faɗa mini da bakinsa wace ce.

Bayan tsayuwa sai ka gyara fahimtarka ta kalmar gaɓa. A maganar yau da kullum, in an ce gaɓa, gwiwa ko yatsa ne ke zuwa a ran mutum, wato wurin da yake lanƙwasuwa. A ilimin ƙirar jiki kuwa gaɓa ita ce duk inda ƙashi biyu ko fiye suka haɗu, ko suna motsi ko ba sa yi. Baligi yana da ƙashi 206, kuma ana raba mahaɗansu gida uku bisa abin da ya haɗa su: akwai waɗanda zare mai tauri ya ɗinke, akwai waɗanda guringuntsi ya liƙa, akwai kuma waɗanda suke da ɗan fili mai ruwa a tsakaninsu.

Gida na farko ka neme shi a kan jariri. Ka nemi izinin uwarsa, ka wanke hannu, ka shafa tsakar kansa a hankali, za ka ji maɗiga tana bugawa a ƙarƙashin yatsanka. Ƙasusuwan ƙoƙon kai ba su gama haɗuwa ba ke nan, hikimar kuwa ita ce su iya ɗan hawan juna lokacin haihuwa, sannan su bar wa ƙwaƙwalwa wurin girma. Maɗigar baya takan rufe cikin wata biyu zuwa uku, ta gaba kuma tsakanin wata 12 da 18, wani yaron har ya kai shekara biyu. Idan sun rufe sai mahaɗin ya zama kamar ɗinkin da gyartai yake yi wa fasasshiyar ƙwarya, bakin wannan ya shige bakin wancan, babu sauran motsi. Tun da hannunka yana wurin, ka riƙe abu biyu: maɗigar da ta faɗa ciki a yaron da yake zawo alamar ƙarewar ruwan jiki ce, wadda ta taso ta yi tauri tare da zazzaɓi kuma tana sa a yi zargin sanƙarau, dukkansu ba a kwana da su a gida. Zaman haƙori cikin raminsa, da haɗuwar ƙasusuwan ƙwauri biyu a saman idon sawu, su ma na wannan gida ne.

Gida na biyu yana bayanka. Gadon baya yana da ƙashi 33: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a kwankwaso, biyar da suka manne suka zama ƙashi guda, da huɗu na tsiniyar ƙasa. Tsakanin masu motsin akwai faifan guringuntsi guda 23 masu shanye nauyi. Kowane mahaɗi kaɗan yake motsawa, amma idan aka tara kaɗan ɗin nan sai ga mace ta sunkuya tana shara, ko manomi ya duƙa yana dashen albasa tun safe. Ka sa abokinka ya sunkuya a hankali, ka bi tsakiyar bayansa da yatsa, za ka ji tsinin ƙasusuwan suna nesa da juna ɗaya bayan ɗaya. Mahaɗin gaban ƙugu, wanda yake ɗan saki ga mai juna biyu har ya sa ta ciwon mara idan tana tafiya, na wannan gida ne, haka ma guringuntsin girma da yake kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yara. Wannan na ƙarshe shi ya sa karayar yaro kusa da gaɓa take buƙatar hoto ko da ba ta yi muni a ido ba, domin idan wurin girman ya lalace ƙafar tana iya tasowa a karkace ko ta gajarce.

Gida na uku shi ne mafi yawa, kuma shi ne aikinmu na kullum. Ba za ka fahimce shi da zane ba yadda za ka fahimce shi a gaban mahauci. Ka je kasuwa da safe, ko ka jira ranar layya, ka nemi gwiwar rago wadda ba a sare ta da gatari ba, ka zauna da wuƙa mai kaifi ka buɗe ta sannu-sannu. Abin da za ka fara yankewa wata jaka ce mai tauri da ta lulluɓe gaɓar. Da ka huda ta wani ruwa kaɗan zai fito, mai yauƙi kamar farin ƙwai, ka murza shi tsakanin yatsunka ka ji santsinsa. Shi ne ake kira ruwan sinobiya, kuma wata fata mai laushi da ta shimfiɗe cikin jakar ce take samar da shi. Kan kowane ƙashi za ka gan shi fari tas yana ƙyalli, ya fi tangaran santsi, wannan shi ne guringuntsin gaɓa. Ba shi da jijiyar jini, daga ruwan nan yake samun abincinsa, kuma motsi ne yake tura ruwan cikinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa gaɓar da aka ɗaure wata da watanni take sandarewa, kuma shi ya sa muke matsa wa masu jinya su motsa ko suna jin zafi kaɗan. A tsakiyar gwiwar za ka ga igiyoyi biyu farare sun gitta juna, da wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata. Duk suna nan a gwiwar mutum, kuma su ne ƴan ƙwallo da ƴan kokowa suke yagewa idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya.

A nan dole ka yi hattara da kalmar jijiya, domin Hausa ta ɗora mata kaya huɗu. Akwai jijiyar da take ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda a asibiti za ka ji ana ce mata ligama. Akwai wadda take haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da take bayan diddige. Akwai jijiyar jini, sannan akwai jijiyar da take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da lakka zuwa tsoka. Idan marar lafiya ya ce maka jijiya ce ta riƙe shi, bai gaya maka wacce ba tukuna, aikinka ne ka gano.

Gaɓoɓin gida na uku iri shida ne bisa siffar kan ƙasusuwan, kuma siffar ce take yanke hukuncin inda gaɓa za ta iya zuwa. Mafi sauƙin ganewa ita ce mai kama da askar wanzami, wadda take buɗewa ta rufe ta hanya ɗaya kawai. Gwiwar hannu haka take, da gaɓoɓin tsakiya da na ƙarshen yatsu, da idon sawu. Gwiwar ƙafa ana yawan sa ta a nan, sai dai tana da ƙari: ka zauna a kujera ka lanƙwasa ta, za ka ga kana iya ɗan juya ƙwauri dama da hagu, in ka miƙe ta kuwa juyin ya tsaya, shi ya sa wasu littattafai suke ware mata aji na daban. Ta biyu ita ce mai juyawa kamar mazari, inda ƙashi ɗaya yake murzawa cikin zoben jijiya. Akwai ta tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, kuma kusan rabin waiwayen da kake yi daga nan yake fitowa. Ta uku kamar dutsen niƙa ce da ɗansa, fuska biyu shimfiɗaɗɗu suna goga juna kaɗan, irin abin da yake faruwa tsakanin ƙananan ƙasusuwa takwas na wuyan hannu. Ta huɗu kamar ƙwai ce a cikin ludayi, tana zuwa gaba da baya, tana zuwa gefe da gefe, amma ba ta murzawa. Wuyan hannu da tushen yatsu huɗu ke nan.

Biyun da suka rage sun cancanci a zauna a kansu. Tushen babban yatsa, can ƙasa kusa da wuyan hannu, gaɓa ce mai siffar sirdi, ƙashi ɗaya yana zaune a kan ɗaya kamar mahayi a kan doki, yana iya rusunawa gaba da baya, yana iya karkata gefe. Wannan ƴar gaɓa ita ce take ba babban yatsa damar tsallakowa ya taɓa kan sauran yatsu. Ka naɗe babban yatsanka cikin tafi da tsumma na minti goma, ka gwada yanko lomar tuwo, ko jan carbi, ko sa maɓallin riga, ko riƙe biro, za ka san darajarta, kuma za ka gane dalilin da ya sa rauni a wurin yake tsayar da tela ko mai gyaran babur daga sana'a gaba ɗaya.

Ta shida ita ce dunƙulen kai cikin ƙoƙo, mai zuwa ko'ina, kuma wuri biyu ake samunta, kafaɗa da kwatangwalo. Siffarsu ɗaya, halinsu daban. Kan ƙashin cinya yana zaune cikin rami mai zurfi kamar taɓarya a turmi, jijiyoyi masu ƙarfi sun kewaye shi, saboda haka ba ya gocewa sai da babban haɗari irin na mota. Kan ƙashin damtse kuwa yana jingine ne da ɗan faifai marar zurfi a jikin allon kafaɗa, tsoka ce mafi yawan abin da take riƙe shi. Shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa sakewa, kuma ita ce babbar gaɓar da ta fi yawan gocewa, galibi ta gaba. Duk wanda ya saba zuwa filin kokowa ya taɓa ganin ɗan kokowar da ya faɗi a kan miƙaƙƙen hannu ya tashi yana tallabe da gwiwar hannunsa, kafaɗar ta baje ta rasa zagayenta.

Yanzu sai sunayen motsi, kuma a nan bango zai yi maka aikin malami. Ka tsaya da gefenka kusa da bango. Duk motsin da zai bi tsawon bangon, gaba ko baya, ba tare da ka buge shi ba, ɗaya ne daga biyu: lanƙwasawa, wadda za ka ji ana kira fileksiyo a ɗakin aiki, ko miƙewa, wato ekistansiyo. Lanƙwasawa tana rage kusurwar da take tsakanin ƙashi biyu, miƙewa tana mayar da ita. A gwiwar hannu abin a fili yake, tana lanƙwasuwa har wajen digiri 145. Tarkon yana kafaɗa da kwatangwalo, domin idan ka ɗaga miƙaƙƙen hannu gabanka har sama, babu abin da ido zai ga ya lanƙwashe, amma sunansa lanƙwasa kafaɗa, kuma yana kai digiri 180. Ɗaga cinya zuwa ciki shi ma lanƙwasa kwatangwalo ne, wajen digiri 120 idan gwiwa tana naɗe. Ƙa'idar da za ta cece ka ita ce, daga kai har kwatangwalo lanƙwasawa gaba take zuwa, a gwiwar ƙafa kuwa baya take zuwa, diddige yana neman ɗuwawu, wajen digiri 135 zuwa 140 idan mutum ya yi da kansa.

Sai ka juya ka jingina bayanka da bangon. Duk motsin da zai share fuskar bangon, ko dai warewa ne daga tsakiyar jiki, wato abdiksiyo, ko matsowa gare ta, wato adiksiyo. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu a rubuce, kunne kuma ba ya rarrabe su sosai, shi ya sa ma'aikata suke taƙaita su da ABD da ADD. Asalinsu Latin ne, inda ab take nufin nesa da abu, ad kuma zuwa gare shi. A yatsun hannu ma'aunin shi ne yatsan tsakiya, a na ƙafa kuma yatsa na biyu. Kada ka wuce warewar kafaɗa ba ka yi wannan gwaji ba: ka tsaya bayan abokinka, ka ɗora yatsunka a kan tsinin allon kafaɗarsa na ƙasa, ka ce ya ware hannu a hankali har ya taɓa kunne. Za ka ji allon yana zamewa waje a ƙarƙashin hannunka, domin a cikin digiri 180 ɗin nan kusan 120 ne kawai na gaɓar kanta, sauran 60 juyawar allo ce. Mai sandararriyar kafaɗa, wadda ake yawan gani ga masu ciwon suga, da allon yake rufe gazawarsa, sai ka ga kafaɗar tana hawa wajen kunne tun hannun bai yi nisa ba. In ba ka danne allon da hannunka ba za ka rubuta adadin da ya fi gaskiya.

Motsi na uku juyawa ce, inda ƙashi yake murzawa a kan tsawonsa. Ka manna gwiwar hannu da haƙarƙari, ka lanƙwasa ta rabi, ka kai tafinka kan cibiya: juyawar kafaɗa ciki ke nan. Ka buɗe shi waje kamar ƙofa: juyawa waje. Matar da take ɗaura zanen goyo ta baya tana buƙatar ta farko, mai ɗaura kallabi ko naɗa rawani yana buƙatar ta biyu. Wulwula hannu kamar mai shirin jifa da majajjawa kuwa haɗakar lanƙwasawa da warewa da miƙewa da matsowa ce bi da bi.

Sangalin hannu yana da nasa motsi da ba a samu a wani wuri. Kana nan da gwiwar hannu manne da jiki, ka riƙe biro a dunƙule. Ka juya tafi sama kamar mai addu'a, wannan ita ce sufinasiyo. Ka kife shi ƙasa kamar mai dafa tabarma, wannan furonasiyo. Kowanne yana kai wajen digiri 80 ko ɗan fiye. Abin da yake faruwa a ciki shi ne, ƙashin da yake ta gefen babban yatsa yana haurawa ya gitta ɗan'uwansa. Idan ka bar gwiwar hannu ta rabu da jiki, kafaɗa za ta shigo ta taimaka, awon ya ɓaci. A saman ƙashin nan na gefen babban yatsa, kusa da gwiwar hannu, akwai zoben jijiya irin wanda na ambata, kuma a yaran da ba su kai shekara biyar ba zoben bai yi ƙarfi ba. Sau da yawa ana kawo mana yaro yana kuka, hannunsa a sake a kife, ya ƙi karɓar ko alewa da shi, in ka tambaya sai a ce yayarsa ce ta fizgo shi ta wuyan hannu za su tsallaka hanya. Kan ƙashin ne ya zame daga zoben, ma'aikacin da ya iya yakan mayar da shi cikin ɗan lokaci. Ku riƙa gaya wa iyaye su ɗauki yaro ta hammata.

A ƙafa, mai kabu-kabu zai nuna maka motsi biyu a wuni guda sau ɗari: idan ya taka birkin baya ya tura tafin ƙafa ƙasa, irin motsin mai ɗage, wanda yake kai wajen digiri 50, idan ya janye ya ɗaga kan ƙafar zuwa ƙwauri, wajen digiri 20 ke nan. Digiri 20 ɗin nan kaɗan ne a lissafi, amma wanda ya rasa su ƙafarsa takan riƙa jan ƙasa, sai ya ɗaga gwiwa sama sosai kafin ya yi taku. Na ga yara da yawa da haka ta same su bayan an yi musu allura a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, allurar ta taɓa babbar jijiyar saƙo da take sauka ƙafa, kuma abin yana ci mini rai domin kuskure ne da ake iya kauce masa. Juya tafin ƙafa ciki, yana kallon ɗaya ƙafar, da juya shi waje, su ne biyun da suka rage. Yawancin targaɗen idon sawu ta na farko yake zuwa, ƙafa ta gurɗe ciki, jijiyoyin gefen waje su ja ko su yage. Ƙananan sunaye ba sa ɗaukar lokaci: yaron da ya maƙe kafaɗa ya ɗaga ta ne, in ya saki ya saukar, turo haɓa gaba da janye ta baya su ma suna da sunayensu a muƙamuƙi, karkata kai zuwa kafaɗa lanƙwasawar gefe ce.

Za ka tarar da sunaye biyu ga ƙashi ɗaya, kada hakan ya ruɗa ka. An fara daidaita sunayen sassan jiki a taron Bazel na 1895, aka sake a Paris a 1955, sannan aka fitar da tsarin da ake bi yanzu a 1998. Tsofaffin littattafan Faransanci da manyan likitocinmu suna cewa kubitus da rotil da omofilat, wato ƙashin sangalin hannu na gefen ƙaramin yatsa da ƙoƙon gwiwa da allon kafaɗa, sababbin littattafai kuma ulna da fatela da sikafula. Ka san duka biyun, domin a takardar marar lafiya guda za ka iya cin karo da su.

Amfanin duk wannan yana bayyana ne ranar da ka zauna gaban mai ciwo. Ba zai ce maka fileksiyo ta ragu ba, amma zai gaya maka abin da ya gagare shi, kuma babu tambayar da ta fi saurin kai ka ga gaɓar kamar ta salla, tun da a cikinta kusan kowace gaɓa tana aiki: ruku'u lanƙwasa kwatangwalo ne gwiwa a miƙe, sujada tana neman wuyan hannu da yatsun ƙafa su tanƙwaru baya, zaman tahiya yana neman gwiwa ta naɗe har ƙarshenta, sallama kuma juyawar wuya ce. Wani dattijo manomin albasa ya zo mini yana dogara sanda, bayan mun gaisa na ce, "Baba, a salla wane wuri ne yake ba ku wahala?" Ya ce, "Lokotoro, gwiwar ga ta hana ni zaman tahiya, sai in miƙe ƙafa gaba kamar yaro." Da wannan amsa na san lanƙwasawar gwiwa zan auna.

Ka fara da lafiyayyen gefe domin ka san ma'aunin mutumin, shi ma ya san abin da za ka yi masa. Ka bar shi ya motsa da kansa tukuna, sannan ya saki jiki kai ka motsa masa. Idan ya kasa da kansa amma a hannunka gaɓar ta tafi har ƙarshe, ka nemi matsalar a tsoka ko agara ko jijiyar saƙo. Idan ta tsaya wuri ɗaya a duka biyun, matsalar tana cikin gaɓar. Ana awon da goniyomita, wato ma'auni mai hannu biyu da ake ɗora cibiyarsa a kan gaɓa, hannu ɗaya ya bi ƙashin sama, ɗaya ya bi na ƙasa. Wurare uku ne ba a tilasta motsi: sabon rauni da ba a yi wa hoto ba, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman a yaro, domin tana iya zama da ruɓa a ciki kuma tana buƙatar likita a ranar, da hannu ko ƙafar da ta fito daga ɗori yatsunta sun yi sanyi ko sun canja launi, alamar ɗaurin ya tare jini. Mai sikila da yake kukan kwatangwalo ko gwiwa kuwa ka duba juyawar kwatangwalonsa ciki, domin tana cikin abin da yake fara raguwa idan jini ya daina isa kan ƙashin cinya, ka tura shi a yi masa hoto.

Abin da za ka rubuta shi ne sunan gaɓa, da gefe, da motsi, da adadin digiri da kansa da kuma a hannunka, da inda zafi ya fara. A takardar dattijon nan na rubuta cewa gwiwar dama tana miƙewa har sifiri, tana lanƙwasuwa digiri 95 da kansa, 100 a hannuna, zafi yana farawa daga 90, ta hagu kuma tana kai 135. Na nuna masa yadda zai kwanta rigingine a tabarma ya riƙa jawo diddige zuwa jiki da zane safe da yamma, na ce ya ci gaba da sallarsa a kujera kafin nan, ya dawo bayan mako uku mu sake awo da ma'aunin nan, a kan gadon nan.